Awo a Asibiti, Haihuwa a Ɗaki

Daga cikin Yakasai zuwa Asibitin Murtala tafiyar ƙafa ce. Mai tsohon ciki ma, in ta fito da sassafe tana tafe tana hutawa, za ta isa kafin rana ta yi zafi. Asibitin yana nan tun ƙarshen shekarun 1920, tun kafin a sa masa sunan Janar Murtala bayan kisansa a 1976. Ga na Nuhu Bamalli a Ƙofar Nasarawa, ga na Sabo Bakin Zuwo a Jakara, su kuwa na haihuwa ne zalla. Tun 2001 kuma gwamnatin Kano ta shelanta cewa awo da karɓar haihuwa kyauta ne a asibitocinta. Duk da haka, in ka zaga lungunan unguwar kana tambayar inda aka yanke wa yara cibi, gidaje da yawa ɗaki za a nuna maka.

Alƙaluman jiha ma haka suka nuna. A babban binciken lafiyar iyali da aka yi a faɗin Najeriya a 2018, kusan biyu cikin uku na matan Jihar Kano sun je awo, amma waɗanda suka haihu a asibiti ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Birni ya fi ƙauye, babu shakka, sai dai salon ɗaya ne. Mace ta yi sammako ta bi layi, a auna jininta, a shafa cikinta, a ba ta maganin ƙarin jini, wata bayan wata. Ranar da naƙuda ta zo kuma sai ta saki labule.

In ana taro a kan mutuwar mata wajen haihuwa, jahilci da nisa da talauci aka saba kawowa. A ƙauyen da damina ke yanke wa hanya, hakan gaskiya ne. A Yakasai bai isa bayani ba. Unguwar malamai ce da ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma cikin masu haihuwa a ɗaki akwai waɗanda suka yi makarantar Shekara ko ta Dala, akwai malaman Islamiyya. Sun san hanyar asibiti, sun san abin da ke cikinsa. Zaɓi suka yi, kuma suna da dalili.

Yarinya mai cikin fari, in ciki ya tsufa, akan zo a ɗauke ta zuwa gidan iyayenta goyon ciki. Daga ranar ta huta da girki da wanki da tashin asuba don ɗora ruwan miji. Uwa ba za ta yi mata zancen cikin baki da baki ba, balle in ita ce 'yar fari, amma idonta yana kanta. Tana ganin yadda take tashi da yadda take zama, in akwai abin tambaya ta sa gwaggo ko kaka ta tambaya. A jiƙa mata maganin zaƙi, a hana ta rake da shayi mai sukari, a karɓo rubutu wajen malam a ajiye don ranar.

In abin ya zo, galibi cikin dare, babu mai ce mata hau gado ki kwanta rigingine. Ta zagaya ɗaki, ta dafa bango, ta riƙe ƙafar gado, in ya matsa ta durƙusa a kan gwiwa. Zaninta yana jikinta. Wadda ke riƙe da kafaɗunta ta san ta tun tana cikin tsumma. "Sannu, 'yar nan. Yi ta salati. Saura ƙiris." A tsakar gida an hura wuta an ɗora tukunya, maza sun koma soro. Ungozomar gargajiya kuwa, asalin aikinta sai an sauka yake farawa: ta yanke cibi da sabuwar reza, ta wanke jariri, ta wanke mabiyiya a binne ta a cikin gida, sannan ta riƙa zuwa safe da yamma har ranar suna, a sallame ta da sabulu da atamfa da rabonta na nama. Uba ko kaka ya yi wa jariri huɗuba a kunne. Kafin hantsi maijego ta yi wanka, ta sha kunu mai zafi, tana kan gadonta, mata suna ta shigowa: "Barka da arziki. Me muka samu?"

Wannan gata ne na gaske, kuma duk wanda ya raina shi bai taɓa ganinsa ba. Ka kasa kunne a gidan suna ka ji yadda matan ke ba da labarin ɗaya ɓangaren, wato asibiti. A bakin ƙofa za a tsayar da uwarki. Ki kwanta a buɗe, likita namiji ya shigo, ɗalibai su biyo shi. Ki yi ƙara a daka miki tsawa, wani lokacin har da gorin da ba ya maimaituwa a gaban surukai. An ce kyauta ne, amma ga takardar kayan haihuwa: safar hannu, auduga, leda, Dettol, Jik. Ga tsoron ƙari da ɗinki. Ga babban tsoro, a ce sai an yi aiki, ki dawo unguwa ana yi miki kallon wadda ta kasa abin da kowace mace ke yi. Ba ƙage ba ne. A 2019 wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a Najeriya da Gana da Gini da Myanmar ya tarar da fiye da ɗaya cikin uku na masu haihuwa a asibiti sun gamu da wulaƙanci: tsawa, zagi, mari, ko a yanka mace ba a nemi yardarta ba. Ungozomar asibiti ma abar tausayi ce, ita kaɗai a kan mata da yawa, a tsakar dare, wani lokacin da fitilar waya. Amma mai naƙuda ba ta ganin ƙarancin ma'aikata. Fuskar da ta yi mata tsawa take gani, ita kuma za ta tuna a ciki na gaba.

Da a nan zancen ya tsaya, da sai a ce kowa ya bi son ransa. Mafi yawan haihuwa lafiya take zuwa, a ɗaki ko a asibiti, shi ya sa kowace tsohuwa ke da hujja a hannu: ni goma na haifa, ban taɓa taka asibiti ba. Gaskiya ta faɗa. Sai dai waɗanda ba su sauka lafiya ba ba sa nan balle a ji nasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 ne suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma Arewa ce ke ɗauke da mafi nauyin kayan.

Babban mai kisan shi ne jini. A ƙarshen ciki, jinin da ke kwarara zuwa mahaifa ya haura rabin lita a kowane minti. In jariri ya fito, mabiyiya ta saɓule, dole mahaifa ta dunƙule ta matse bakin jijiyoyin da suka buɗe. In ta yi sanyi ta ƙi dunƙulewa, ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale, jini ba zai tsaya ba. Likitoci suna fara kiran abin zubar jini daga rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, kuma mace na iya mutuwa cikin awa biyu. Wadda zazzaɓin cizon sauro da rashin cima suka riga suka tsotse, ba ta ma kai haka. Abin da ya fi damuna shi ne, mahaifar da ta ɗauki ciki biyar, shida, bakwai ta fi saurin yin sanyi. Wato gwanayen haihuwa, waɗanda suka fi kowa sakankancewa da ɗaki, suna cikin waɗanda suka fi kowa haɗari a cikinsa.

Na taɓa kwana a kan irin wannan daren. Maƙwabciyarmu ce, uwargida, haihuwa ta bakwai, shidan farko duk a ɗaki ta yi su. Ba ta tashi kowa ba. Kukan jariri ne ya farkar da amaryarta, ita kuma ta buga mana ƙofa. Aka yi ta barka, aka aika yaro ya kira ungozoma. Mabiyiya ta ƙi faɗowa. Aka ba ta kwalba ta hura, aka zura mata muciya a baki don ta yi yunƙuri, aka shaƙa mata yaji ta yi atishawa. Tana zaune a kan tsumma, in ya jiƙe a janye a sa wani. Wata dattijuwa ta ce ai jinin banza ne, gara ya fita. Can sai ta ce a rufe ta, sanyi take ji. An jima ta ce a kunna fitila, alhali fitila tana kunne. Amaryar, yarinya ce ƙarama, ta riƙe hannunta tana cewa, "Yaya, mu tafi asibiti," ita kuwa tana girgiza kai: "Bari baban su ya dawo." Baban su yana kan hanyar fatauci, waya ba ta shiga. Kowa a ɗakin ya ga abin da ke faruwa, amma babu wadda take ganin ita ce za ta ce a fita da matar wani cikin dare. Sai da amaryar ta saka mayafi ta je ta tashi wan miji a gidansa. Mota ba ta shiga lungunmu, Adaidaita Sahu ma sai bakin titi, don haka a bargo samari suka ɗauke ta. A asibiti aka ciro mabiyiya, ƙannen miji suka ba da jini, aka ƙara mata leda uku. Ta rayu, amma ta yi watanni ko shara ba ta iya yi. Tafiyar daga bakin titi zuwa gadon asibiti 'yan mintoci ce. Shawarar a tafi ita ta cinye daren.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawara, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A cikin ganuwa na biyun gajere ne. Na farkon shi ne namu, kuma da hannunmu muke gina shi tun yarinya tana ƙarama. Muna koya mata kunya, abu mai kyau, sannan mu miƙa kunyar har inda ba ta da amfani. Ciki ba a faɗarsa sai ya faɗi kansa. Naƙuda ba a nuna ta. Yabon da ya fi kowane daɗi a kunnen maijego shi ne a ce, "Wance jaruma ce, ko tari ba a ji ba, sai kukan jariri." Yarinyar da ta tashi tana jin wannan yabon, ranar da nata ya zo za ta cije leɓe ta wuni ta kwana, ruwa ya fashe ta ɓoye zanin. A ganina wannan yabon ya ci rayuka fiye da rashin mota. Sai kuma batun izini. Fiƙihun da ake karantarwa a sorayen unguwar nan ya sa kare rai cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo dominsu, kuma babu abin da ya hana miji ya faɗa tun ciki yana wata bakwai, a gaban uwarsa da abokiyar zama, cewa ko yana nan ko ba ya nan, in an ga abin da ba a gane ba a fita. Hadisi ya zo cewa wadda ta mutu wajen haihuwa ta yi shahada. Wannan lallashi ne ga waɗanda aka bari, ba lasisin zuba ido ba.

Jinkirin nan shi ne kuma yake ciyar da tsoron asibiti. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, ya tarar mutuwa ta taru ne a kan matan da ba su yi awo ba, waɗanda aka kawo a galabaice bayan an gama gwada komai a gida. Unguwa kuwa abin da take gani shi ne an fita da wance da rai, an dawo da gawa. Sai a ce asibiti ne ya kashe ta, ta gaba ta ƙara jinkiri. Waɗanda suka tsira daga doguwar naƙuda kuma, wasunsu kan jariri ya danne mafitsara kwana da kwanaki har nama ya mutu. Su ne ke kwance a Cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Murtala, da Babbar Ruga a Katsina inda Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinke masu yoyon fitsari.

Masu cikin fari nasu abokin gabar daban ne: jijjiga. Tana aiko da saƙo kafin ta zo, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi, jini ya hau. In ta kayar da yarinya, idanu suka juye, haƙora suka datse, abin da ke fara zuwa zuciyar mutanen gida shi ne iska. A kawo hayaƙi, a kira mai ruƙiyya. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya, ana iya yin ta a cikin Adaidaita Sahu. Kuma a nan Kano aka ga abin da magani ke yi. A 2008 aka fara amfani da allurar magnesium sulphate a manyan asibitocin jihar guda goma, tare da horar da ma'aikata. Kafin nan, cikin duk mata ɗari da aka kawo da wannan ciwo kusan 21 ke mutuwa. Bayan an fara, adadin ya faɗo ƙasa da uku. Allura ce mai arha, amma ba a yin ta a ɗaki.

Jini ma haka. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Dabarar ba ta da wuya. A shimfiɗa wa mace wata leda mai aljihu da ma'auni, jini ya taru inda za a karanta yawansa, da ya kai layi a haɗa mata duk magungunan a lokaci guda, ba a gwada wannan a jira a gwada wancan ba. Mummunan zubar jini da abin da yake jawowa suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne dalilin ledar: ƙwararrun ungozomomi ma, in da ido suke kimantawa, suna raina jinin da ya zuba. To ina ga tsohuwa mai canja tsumma a ɗaki mai duhu?

Akwai ƙoƙarin kai wa ɗakin agaji tun da an san ba za a daina haihuwa a cikinsa gobe ba. Najeriya ta yi wa ƙwayar misoprostol rajista don tsayar da jinin haihuwa a 2006, an gwada raba ta ga mata a garuruwan kewayen Zariya, Jihar Sakkwato kuma ta fara rabawa gida-gida a 2013 tare da man chlorhexidine na shafa wa cibi. Ƙwaya uku ce, a sha da zarar jariri ya fito. Tana taimako ƙwarai, amma ba ta ciro mabiyiyar da ta maƙale, ba ta mayar da jinin da ya zuba. A cikin birni kuma wani sabon salo ya shigo: a kira nas ko ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta zo gida ta karɓi haihuwa, a samu sutura a samu hannun asibiti. In ƙwararriya ce mai sanin iyakarta, ta fi babu nesa ba kusa ba. Amma da yawa abin da ke jakarsu allurar naƙuda ce, wadda a asibiti ma sai ana ɗiga ta a ruwa ana sauraron bugun zuciyar jariri. A danna wa mace ita a cinya don haihuwa ta yi sauri, alhali jariri a gicciye yake ko ƙugu ya yi masa kaɗan, hanya ce ta fashewar mahaifa.

In an sauka lafiya, sai jego. Kwana arba'in ana tafasa ruwa safe da yamma, a tsoma ganyen darbejiya ko runhu a riƙa fyaɗa wa jiki, a sha kunun kanwa, a ci ƙauri da gasasshen nama da yajin jego. Nan ma akwai gata mai yawa: mace ta huta, ta ci mai kyau, a ɗauke mata aiki, abin da matan ƙasashe masu arziki da yawa ba sa samu. Sai dai ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ciwon zuciyar masu jego ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun danganta shi da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da gishirin kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya fi karkata ga rama da talauci, da hawan jinin ciki, da ƙarancin sinadarin selenium a jiki. Ko ma wanne ne ya fi nauyi, wadda jininta ya hau lokacin ciki bai kamata a ɗura mata kanwa ba, kuma alamun ciwon ba sa ɓuya: ƙafa ta kumbura bayan an haihu, tari da dare, numfashi ya gagara in an kwanta sai an jingina da matashi. A gida sunan wannan sanyi, wai wanka ne bai shige ta ba, maganinsa kuma a ƙara wuta a ƙara kanwa.

Asibiti yana so maijego ta dawo a duba ta bayan mako shida, wanda ya zo kusan daidai da arba'in. Matan Yakasai da yawa suna fita a wannan makon, sun yi kitso da lalle, jariri a baya, za a kai shi rigakafi kafin a fara yawon arba'in gidajen dangi. Za a ɗora shi a sikeli, a ɗiga masa na baki, a yi masa allura a cinya, a rubuta ranar dawowa. Ita kuwa uwar, in ba ta buɗe baki ta roƙa ba, sau da yawa har ta fito babu wanda zai auna jininta.